Ɓera da Dodon Koɗi a Gaɓar Namib

Daga Windhuk, babban birnin Namibiya, zuwa garin Swakopmund da ke bakin teku a hamadar Namib, tafiyar kusan kilomita 360 ce, kuma tun daga garin Usakos itatuwa suke ta janyewa har ƙasa ta koma tsakuwa da rairayi zalla. Muna dosar teku sai ga hazo mai sanyi ya tare mu. Ruwan Benguwela mai sanyi, wanda ke gudana cikin teku a gefen wannan gaɓar, shi ne ke haifar da shi, a wurin da ruwan saman shekara guda ba ya kai milimita 20.

Washegari da sassafe na bi hanyar Walbis Bay, tuddan yashi a hagu, Tekun Atlantika a dama. A gindin wani tudu na ga sawu ƙanana sun yi zane har bakin wani rami. Mai sawun ban gan shi ba sai da magariba: ɗan ɓeran hamada, launin yashi, idanu dara-dara, jela ta fi jikinsa tsawo. Tafin ƙafarsa da gashi, abin da ke taimaka masa gudu a kan rairayi. Ya ɗauki ƙwayar ciyawa da hannu biyu, ya gurgure ta, ya ɓace kamar walƙiya. Ba sai ya sha ruwa ba. Ɗan danshin abincinsa ya ishe shi, ƙodarsa kuma ba ta ɓarnar ko ɗigo.

Tsakanin waɗannan lokuta biyu na wuni a kan duwatsun gaɓa, inda feshin igiyar ruwa kawai ke kaiwa. Nan na tarar da dodon koɗin teku, bai kai farcen ɗan yatsa ba, manne da dutse. Na ɓamɓaro ɗaya na juya shi. Ya ja jiki ciki, ya rufe bakin katantanwarsa da wani ɗan murfi mai tauri, ƙam. Abin da ya fi ba ni mamaki ke nan: yana kwana a bakin teku, amma bushewa yake gudu, daidai da ɓeran da ke wuni a ƙarƙashin yashi. Har a haƙori sun yi tarayya. Haƙoran gaba na ɓera ba sa daina tsiro, shi kuwa dodon koɗi harshensa kamar zarto yake, yana kankare gansakuka, sababbin haƙora na maye waɗanda suka cinye.

Na mayar da shi gurbinsa na jira. Sai da ruwa ya fantsamo sau uku kafin ya ɗaga murfin, ya fito da ƙahonninsa.