Saƙar Kayan Wasan Yara da Kwarashi: Yadda Muke Aikin a Shagonmu

Wadda ta iya saƙa hular jariri da safa da kwarashi ta riga ta samu hannu, amma saƙar abin wasa tana da nata sharuɗɗan. Ita hula so ake ta yi laushi, ta buɗe, iska ta ratsa ta. 'Yar tsana ko zomo ko giwa kuwa cusa za a yi musu. Abin da aka cusa yana turo saƙar daga ciki, yaro kuma yana ja daga waje, ya sa a baki, ya yi jifa, ya kwana a kai. Shi ya sa duk wadda ta zo koyo wajenmu abu biyu muke fara ɗora ta a kai: saƙa ta matse, lissafin ƙulli ya cika. Wannan salon saƙar ƙananan dabbobi da 'yan tsana a Japan ya yi suna, sunansa amigurumi, kuma da wannan sunan za ki samu tsare-tsarensa a intanet.

Mu fara da kwarashi, don nan ake fara ɓata aiki. A jikin takardar da ke naɗe da zare akan rubuta girman kwarashin da ya dace da shi. Wannan lambar ta riga da mayafi ce. Mai saƙa abin wasa sai ta rage milimita ɗaya ko fiye. Idan takarda ta ce milimita 4, mu 2.5 ko 3 muke ɗauka. Gwajin mai sauƙi ne: ki saƙa ɗan faifai, ki ɗaga shi ga haske, ki ja shi da yatsu. In kika hango haske ta ƙofofi, to farin abin cusawa ma zai leƙo ta nan, sai ki ƙara saukowa. Kwarashin ƙarfe mai mariƙin roba ya fi wa hannu daɗi, domin matsattsiyar saƙa tana gajiyar da babban yatsa da wuyan hannu.

Zare iri uku muke taɓawa. Na auduga ba ya miƙewa, ƙullinsa yana fita fes, yana jure wanki, shi muke zaɓa wa jarirai masu kai komai baki. Ulun roba da ya cika kasuwa ya fi araha, launinsa ya fi yawa, sai dai yana tashin gashi in aka daɗe ana wasa da shi, kuma ba ya shiri da dutsen guga ko kaɗan, narkewa yake yi. Sai zaren nan mai kauri mai laushin karan-miski, wanda masu saye suke rububinsa. Yana da kyau, amma ba na mai koyo ba ne: ba a ganin ƙullinsa sai dai a lalube shi da yatsa, gashinsa yana zuba, in aka ja shi da ƙarfi kuma ya tsinke. Mai koyo ta fara da zare mai santsi mai hasken launi, ta bar baƙi da shuɗi mai duhu sai idonta ya saba. Kuma ki sayi abin da zai ishe ki a lokaci guda. Launi ɗaya daga rini daban-daban yakan ɗan bambanta, sai an haɗa kai da jiki bambancin yake fitowa.

Ƙulli ɗaya ne yake ɗauke da kusan dukan aikin, wato gajeren ƙulli. Ki soka kwarashi ƙarƙashin madaukai biyun da ke saman ƙullin baya, ki ɗauko zare ki jawo, madauki biyu ke nan a kan kwarashi, ki sake ɗauko zare ki ratsa su duka biyun. A tsarin saƙa na Amurka ana rubuta shi sc. Mutanen Ingila kuma wannan ƙullin dai suke rubutawa dc, alhali a Amurka dc wani dogon ƙulli ne daban. Wadda ba ta lura da ƙasar da tsarin ya fito ba sai ta saƙa zomo mai ninkin tsayi, duk ƙofofi. In kin ga sc a tsari, na Amurka ne.

Farawa da zoben da ake ja ya rufe muke yi. Ki naɗa zare a yatsu biyu ya zama zobe, ki sa kwarashi ciki ki jawo madauki, ki yi sarƙa ɗaya, wato ki ɗauko zare ki ratsa madaukin, sannan ki saƙa gajerun ƙulli 6 a kan zoben tare da jelar zaren. Ki ja jelar, ƙofar tsakiya ta rufe ruf. Jelar nan kada ta gaza santimita 10, kuma a sa basilla a ratsa da ita cikin ƙullin shidan, a juyo a sake ratsawa ta baya. In aka yanke ta gajere ba a ɗaure ba, wata rana tsakar kan 'yar tsanar zai buɗe a hannun yaro, kuma babu gyaran da zai mayar da shi yadda yake.

Daga nan zagaye ake ta yi ba tare da rufe layi ba, shi ya sa alama ta zama dole. Guntun zare mai wani launi ya isa, a ɗora shi a ƙullin farko na kowane zagaye, a riƙa ɗaga shi. Kai da jiki da yawancin gaɓoɓi duk daga ƙwallo suke fita, don haka wannan lissafin muke sa kowa ya haddace. Zagaye na 1 ƙulli 6. Na 2 a yi ƙari, wato biyu-biyu a kowane ƙulli, 12. Na 3 ɗaya sannan ƙari, 18. Na 4 biyu sannan ƙari, 24, haka har 30 da 36 a zagaye na 6. Daga na 7 zuwa na 12 babu ƙari babu ragi, 36 ɗin za a yi ta maimaitawa, nan ne bango yake tashi. Sai a sauko yadda aka hau: 30, 24, 18, 12, 6. Zagaye 17 ke nan, ƙulli 432, kuma da matsakaicin zare da kwarashi mai milimita 3 ƙwallon zai kai faɗin santimita 5 zuwa 6. A ƙirga a ƙarshen kowane zagaye. Ƙulli ɗaya da ya ɓace a zagaye na 4 ba ya nuna kansa sai wajen ragi, lokacin da lissafi ya ƙi fita, sai an warware aikin sa'a guda.

Idan ƙari yana faɗawa a wuri ɗaya kowane zagaye, abin da ake so ya zama da'ira sai ya fito da kusurwa shida. Maganinsa a riƙa gusar da wurin ƙarin. A maimakon huɗu sannan ƙari, a yi biyu, ƙari, biyu. Jimilla ba ta canza ba, kusurwar ce ta ɓace.

Ragi, wato haɗa ƙulli biyu su zama ɗaya, shi ne wurin da ake gane gwanar hannu. Ragin da aka saba da shi a riga yana barin kumburi da ƙofa a gefensa. Mu ɓoyayyen ragi muke yi: a sa kwarashi a madaukin gaba kaɗai na ƙulli na farko, a wuce kai tsaye a sa a madaukin gaba na na biyu, a ɗauko zare a ratsa biyun, a sake ɗaukowa a ƙarasa. Madaukan baya suna nan a ciki suna toshe ƙofar. Ƙullin da ya biyo bayan ragi kuma a ɗan ƙara matse shi, don shi ne yake saurin sakewa.

Wani kuskure da masu koyo ba sa ganewa da kansu shi ne saƙa abu a birkice. Fuskar waje ƙullinta a jere suke kamar harafin V, ta ciki kuma tana da 'yan sanduna a kwance. Da zarar faifan ya fara lanƙwasa, ki tura shi yadda jelar farko za ta koma ciki, ke kuma kina saƙa a gefen da ke kusa da ke.

Idanu ana sa su kafin bakin ƙwallon ya ƙuntata, wajen lokacin da aka sauko 24. A ƙwallon da muka lissafa, tsakanin zagaye na 10 da na 11, da ratar ƙulli 6 ko 7. Idan suka yi ƙasa-ƙasa kuma suka ɗan yi nesa da juna fuskar takan yi yarinta, in suka hau sama ta tsufa. Akwai idanun roba masu maƙalli ta baya, masu milimita 6 zuwa 12, kuma in maƙallin ya shiga ba ya fita, saboda haka a gwada wurin tukuna. Amma ga yaron da bai kai shekara 3 ba, ba ma sa idon roba ko maɓalli ko dutsen ado, ko da mai saye ta roƙa. Saƙa tana sakewa da wanki da tauna, ido ya zame da maƙallinsa, ya tafi maƙogwaro. Da baƙin zare muke ɗinka ido, a ɗaure a ciki. Akwai kuma iyayen da ke neman 'yar tsana marar fuska, sai mu zuba ƙoƙarin a kitso da ɗankwali da riga.

Abin cusawa faibar filo muke amfani da ita, domin ana wanke ta ta bushe ta dawo. Audugar rimi tana da laushi amma tana dunƙulewa ta zama gari da daɗewa, tsumma kuma yana sa nauyi da ƙulluka. Wake ko shinkafa da wasu ke zubawa don abin ya zauna daram kada a kusance su: ƙwari suna shiga, in ruwa ya taɓa su kuma su ruɓe. A yayyaga faiba ƙanana-ƙanana, a fara cika gefe, sannan tsakiya, a tura da gindin kwarashi. A cusa fiye da yadda ido yake ganin ya isa, don tana kwanciya bayan 'yan makonni, amma a tsaya kafin ƙulli su fara buɗewa. Wuya ya fi ko'ina buƙatar cusa. In kai babba ne, kada wuya ya gaza ƙulli 18, kuma a ci gaba da tura faiba ana cikin ɗinke kai da jiki, in ba haka ba kan zai riƙa langaɓewa. Ba ma sa waya ko tsinke a ciki don ya tsaya.

Haɗa gaɓoɓi yana cin lokaci fiye da yadda masu saye suke zato. Kowace gaɓa a bar mata jelar zare ta santimita 30 don ɗinki. A kafa kunnuwa da hannuwa da fil tukuna, a ƙirga zagaye daga tsakar kai a kowane gefe, a duba ta gaba da ta baya da ta sama, sannan a ɗinka ƙulli bayan ƙulli ba tsallake. Hannuwa biyu ko ƙafafu biyu na abu ɗaya mutum ɗaya ne zai saƙa su, a zama ɗaya in da hali, saboda matsin hannun kowa daban ne, kai har na mutum ɗaya yakan bambanta tsakanin safe da yamma.

Wajen kuɗi, zare ba shi ne babban abin da ake ci ba, lokaci ne. Muna auna abin da aka gama a sikeli don sanin giram nawa na zare da faiba ya ci, mu rubuta sa'o'in da ya ɗauka har da ɗinki, mu ƙara leda da kuɗin aike, sannan riba. Aiki jeri-jeri ya fi sauri: kawuna goma, sannan jikkuna goma, hannu ya riƙe lissafi ɗaya. Odar da aka sa suna ko launi na musamman sai an ba da kafin alƙalami, domin in mai ita ta fasa ba kowa zai saya ba. Gabanin Sallah da lokutan suna aiki yakan taru, don haka zomo da 'yar tsana da ƙwallo muna ajiye su a saƙe. Da hunturu kaushin yatsa yana tsinkar gashin zare, ƙura kuma tana dusashe farin kaya, sai a shafa mai da dare, a wanke hannu kafin aiki, a kulle kayan da aka gama a leda bayan an tabbata a bushe suke.

Kafin abu ya bar shago muna jan kowane kunne da hannu da ƙarfi, mu matsa jikin ko'ina don a tabbata babu fil da aka manta a ciki. Sannan mu sa 'yar takarda a ledar: a wanke da hannu da ruwan sanyi da sabulu mai sauƙi, a matse a cikin tawul ba murɗewa, a shanya a kwance a inuwa, kada a goge.