Yadda na koyi haɗa sautin waƙoƙina a ɗaki

Shekarar da na fara waƙa, kuɗin da na tara ya ƙare a kan waƙa biyu kacal. Wani mai sutudiyo a Kano ya cika muryata da amsa-kuwwa har baitocin suka nutse ƙarƙashin kiɗa. Na dawo gida raina a ɓace.

Sai na sauke Reaper, wata manhajar ɗauka da haɗa sauti, a tsohuwar kwamfutar yayana. Ana gwada shi kyauta na kwana 60, lasisin masu ƙaramin ƙarfi kuma dala 60 ne. Na rataya barguna biyu a bango, ina jiran tsakar dare idan janareton maƙwabta ya yi shiru. Abin da ya fi cin lokacina shi ne kalangu. Shi da muryata wuri ɗaya suke rububi, dole in rage masa kaɗan duk inda nake rera baiti, in kuma yanke gurnanin da ke ƙasa da 80 Hz (ma'aunin kauri ko sirantakar sauti) a murya.

A matakin ƙarshe na daina ƙure ƙara, tunda manhajar sauraron waƙa ta Spotify na daidaita ƙarar waƙoƙi a -14 LUFS (ma'aunin ƙarfin sauti). Kafin in saki waƙa kuwa, sai na ji ta a wayar ƙanwata da lasifikar mai shayin unguwarmu, domin nan mutanena za su saurare ta.