Godiya Bayan Tafiyarmu da Baba Gidan Tankokin Yaƙi

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi mun dawo lafiya, Baba ma ya huta, sai ɗan ciwon gwiwar da ya saba.

Shekara 40 ya yi yana gyaran tirela da gingimari a Kano. Da ya zo Ingila ganin jikoki, ya ce ba ruwansa da fadar Sarki, a kai shi inda zai ji kukan inji. Shi ne muka nufi gidan tarihin tankokin yaƙi na Bobintan a kudancin Ingila, ranar da ake tayar da tsohuwar tankar da ake kira Tiger 131.

Godiyata ta farko ga kanikawan wurin ce, ko da ba za su karanta wannan ba. Tankar nan ta Jamus ce, sojan Ingila suka kame ta a Tunisiya a watan Afrilun 1943, bayan harsashi ya maƙale a ƙarƙashin kanta mai juyawa da bindiga, matuƙanta suka gudu suka bar ta. Tun 1951 take ajiye a gidan tarihin kamar gawa. A 1990 aka fara warware ta ƙusa bayan ƙusa, ba ta dawo tana tafiya da kanta ba sai 2003. Injinta na asali an riga an yanka shi don koyarwa, dole aka dasa mata wani injin ƙirar kamfanin Maybach mai silinda 12. A duk duniya ita kaɗai ce irinta da ke tashi har yau. Tabon harsashin kuwa ba su cike shi ba, kuma a ganina sun yi daidai.

Da aka kunna ta ƙasa ta ɗauki rawa, sai na ga Baba ya rufe ido ya karkata kunne, kamar yadda yake yi a gareji. Can ya ce, "Wanda ya saita wannan ya san aikinsa." Mu 'ya'yansa ba mu taɓa samun irin wannan yabo ba!

Maƙwabcinmu da ya ara mana mota, da ma'aikaciyar da ta samo mana keken tura marasa lafiya ta kuma nuna mana inda za mu yi azahar, Allah ya saka muku da alheri. Uwargida da ta soya mana kaza tun asuba, Allah ya bar zumunci.

Baba ya ce a gaya wa yaran garejinsa su daina kukan rashin kayan gyara.