Numfashi 20 ɗin da ban ƙirga ba

Ƙannena da ke makarantar koyon jinya, musamman ku da aka fara turawa fostin, wato aikin koyo a asibiti, akwai wani abu da na yi ina shekara ta biyu wanda har yau in na tuna sai gabana ya faɗi. Na daɗe ina ɓoye shi, amma kwanaki na duba takardar awon da wata ɗaliba ta cika, gado takwas a jere kowa numfashinsa 20, sai na ce to lallai gara in faɗa.

A wani asibiti ne nan cikin garin Kaduna, ɓangaren haihuwa, aikin dare, ga sanyin hunturu. Da magariba aka kawo wata yarinya a keke napep daga wajen Rigasa, haihuwar fari, ta haihu a gida sai jijjiga ta kama ta. Aka ba ta magnesiyam salfet, maganin jijjigar, kamar yadda aka saba, giram 4 ta jijiya a hankali, giram 5 a kowane ɗuwawu, daga nan kuma giram 5 duk bayan awa huɗu har a cika awa 24. Kun san dokar ai, an koya muku a aji: kafin kowace allura sai an duba abu uku, numfashi kada ya gaza 16 a minti, a bugi gwiwa a ga ƙafa ta harba, fitsari kuma ya kai kamar mil 30 a awa. Ni ma na san wannan, har na ci shi a jarrabawa.

Wajen ƙarfe biyun dare Sista ta ce in je in auna ta in rubuta, tana zuwa da allurar. Mu biyu ne kawai a kan mata sun fi ashirin, ga wata tana naƙuda tana ta salati, ga wuta an ɗauke sai tocilan waya. Na auna jini da gaske, na ji bugun hannu da gaske. Numfashi kuwa na ɗan kalli bargonta na ga yana motsi, na rubuta 20, don abin da na ga kowa yana rubutawa kenan. Gwiwa ban taɓa bugawa da hannuna ba sai dai kallo, 'yar gudumar da ake bugawa da ita ma ban san inda take ba, kuma ina jin kunyar in ce wa Sista ban iya ba bayan da safe na gama nuna mata na haddace komai. Sai na rubuta akwai. Ledar fitsari tana rataye can ƙasan gado ta ɓangaren bango, ko leƙawa ban yi ba.

Sista ta zo da sirinji a faranti, ta karanta abin da na rubuta, har ta yaye zanin. Sai ta tsaya. Ban san me ta gani ba, ƙila shekarun aiki ne kawai. Ta ajiye farantin, ta kama hannun yarinyar kamar mai jin bugu, idonta kuma na kan ƙirjinta, minti guda cif ba ta ce uffan ba. Sannan ta bugi gwiwar da gefen hannunta, shiru. Ta durƙusa ta haska ledar, fitsarin da ke ciki bai kai rabin ƙaramin kofin shayi ba tun magariba.

Ta ce, "'Yata, nawa kika ƙirga?"

Na ce, "Ashirin, Sista."

Ta ce, "Ba abin da kika rubuta na tambaye ki ba."

Numfashi sha ɗaya a minti Sista ta samu. Ta aike ni da gudu in taso likita, ta ciro kalsiyam gulukonet, wanda shi ne makarin maganin, giram 1 ta jijiya a hankali. Abin da ya faru shi ne ƙoda ce ke fitar da magnesiyam daga jiki, to ƙodar yarinyar ta ja baya, maganin yana ta taruwa. Harbawar ƙafa in an bugi gwiwa ce ke fara ɗaukewa, numfashi ya biyo baya, in an ci gaba da zubawa zuciya ta tsaya. Wato abu ukun nan da na tsallake su ne kaɗai ƙararrawar da ake da ita, kuma da Sista ta yarda da rubutuna da giram 5 ya ƙara shiga jikinta. Mahaifiyarta na zaune a tabarma da jaririn a cinya tana ta yi mana sannu da aiki, ba ta san me ake ciki ba.

Yarinyar ta tashi, alhamdu lillahi. Da asuba Sista ba ta yi min faɗa a gaban mutane ba, ta sa na ja layi ɗaya a kan ƙaryar yadda za a iya karanta ta, na rubuta gaskiyar a gefe da lokaci, na sa hannu. Ba gogewa, ba farin ruwan shafe rubutu, ba yage takarda. Kuma ta kai maganar gaban malamarmu, wanda a lokacin na ji haushi sosai, na ce ai tunda ba a mutu ba me ya yi zafi. Yanzu ni ma haka nake yi wa ɗalibai, suna jin haushina.

Abin da nake so ku gane, ba jahilci ne ya kai ni ba. Kunya ce da tsoron a ce ban iya ba. An tarbiyyantar da mu kada mu musa wa babba, kada mu cika tambaya, kuma wannan tarbiyya ce mai kyau a tsakar gida, amma a bakin gadon mara lafiya ita ce take sa ɗalibi ya karɓi sirinjin da wani ya zuƙa ya je ya tsira ba tare da ya ga kwalbar ba. Kada ku yi haka ko waye ya miƙo muku. Ƙaramar kwalbar fotashiyam kulorayid tana iya kama da ta ruwan haɗa allura in haske ya yi ƙaranci, kuma in aka tura shi kai tsaye a jijiya zuciya yake tsayarwa. Cewa "Sista don Allah in ga kwalbar" ba rashin kunya ba ne. Za ta iya harararki, harara ba ta kisa.

Haka batun suna. A ɗakin mata za ki iya samun Aisha uku a layi ɗaya, biyu ma sunan mahaifinsu ɗaya, wata kuma a gida da laƙabi aka san ta. In kika ce "ke ce Aisha?" mai barci a ido za ta ce eh. Ki ce ta faɗa miki sunanta da bakinta, ki haɗa da lambar folda. Lambar gado ba suna ba ce, ana sauya wa mutane gado tsakar dare.

Kuskurena na biyu ni ya so ci. Ina mayar wa allura murfi bayan na ɗebi jini ta soke ni a yatsa, na matse wurin na sa hannu a aljihu na yi shiru, don an sha hana mu mayar da murfi. Sai a kwana na biyu na faɗa wa wata ƙawata, ita ta ja ni kamar akuya zuwa wurin da ake ba da maganin kariya daga ƙanjamau. Ana so a fara shi cikin awa 72, in da hali ma a awannin farko, a sha kwana 28. Na sha, ya wahalar da ni. Kuma ciwon hanta nau'in B ya fi ƙanjamau saurin kamawa ta allura nesa ba kusa ba, don haka wanda bai yi rigakafinsa guda uku ba ya nema tun kafin fostin ya yi nisa.

Na uku shi ne wanda ban iya gyarawa ba. Wata matar unguwarmu aka kwantar, na gan ta, muka gaisa. Ranar Asabar a gidan suna wata ƙawar mamana ta ce, "Ke 'yar nan, me ke damun wance ne, ai a wurinku take?" Na ce, "Ɓari ta yi, Hajiya, amma da sauƙi." Ni a ganina jaje ne. Ashe ko dangin mijin ba su san da cikin ba, kafin la'asar magana ta kai kunnen uwar miji da kishiya, aka shiga cewa ita ta zubar. Har yau in muka haɗu a hanya tana amsa gaisuwata ne a taƙaice, kuma tana da gaskiya. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ce bayanin mara lafiya sirri ne, kundin haƙƙoƙin marasa lafiya da aka ƙaddamar a 2018 ma ya maimaita, amma a Kaduna ba a gaban kotu ake tona asirin mutane ba, a gidan biki ne da kuma WhatsApp. Hoton ciwo ko na jariri da kuke turawa a guruf ɗin aji, ko an rufe fuska, zanin da ke jikinta kawai ya isa wata ta gane ta. Amsar da na koya daga baya gajera ce: "Wallahi Hajiya ba a ba mu damar faɗa ba, sai dai ku tambaye ta." Za a ce kin fara girman kai. A ce ɗin.

Sai kuma wannan da ke jiran kowannenku a gida. Ranar da aka fara ganinki da farin kaya kin zama likitar layi, wannan ya kawo allurar da ya sayo a kemis, waccan ta ce ki sa wa ɗanta ƙarin ruwa a ɗaki. Ba ki da lasisi sai Majalisar Ma'aikatan Jinya da Ungozoma ta Najeriya ta yi miki rajista, kuma ko a asibiti a ƙarƙashin idon wani kike aiki. In allurar ta tayar masa da abin da ya toshe numfashi a tsakar ɗakin nan, ba iskar oksijin, ba adirenalin, allurar gaggawa da ake yi a irin wannan hali, ba kowa sai ke da masu cewa ai ita ta yi masa. Ki raka su asibitin sha-ka-tafi na unguwa, ya fi.

Ku nemi agogo mai sandar sakan, irin wanda ake maƙalawa a ƙirji, don waya tana mutuwa kuma wasu sistocin ba sa son ganinta a hannu. Ku ƙirga numfashi minti guda cikakke kuna riƙe da hannun mara lafiya, don in ya lura numfashinsa kuke kallo zai sauya shi. Bugun gwiwa kuma ku sa a gwada muku a kan taku gwiwar tun ranar farko, da rana, kafin a ba ku aikin dare.