Medora, garin shanu a Dakota ta Arewa

Laraba, cikin watan Yuli.

Yau a Medora na wuni, can yammacin jihar Dakota ta Arewa a Amurka, bakin kogin Little Missouri. Ƙidayar 2020 ta ba garin mutum 121, ko unguwa guda bai cika ba. Daga Bismarck tafiyar wajen awa biyu ce a babban titi mai lamba 94, kuma a hanya agogo yana komawa baya da awa ɗaya. Wanda bai gyara nasa ba sai ya iso ya tarar ƙofofi a rufe.

Da sassafe ake shiga gandun dajin Theodore Roosevelt, mai sunan tsohon shugaban Amurka, ƙofarsa a bakin gari take. Titin da ya zagaye shi mil 36 ne, a ware masa awa biyu. Kafin rana ta yi zafi ɓaunar Amurka da dawakan jeji suna kiwo a gefen titi. Doka ita ce a bar tazarar yadi 25 tsakanin mutum da ɓauna. Ganinta kamar saniya mai sanyin jiki, amma ta fi mutum gudu nesa ba kusa ba. A tambaya a ƙofa ko titin duk a buɗe yake, don ƙasar wurin yumɓu ce mai zaftarewa, a 2019 ma ta cinye wani sashe nasa.

Da hantsi na je inda garin ya samo asali. Wani basaraken Faransa, Marquis de Morès, shi ya kafa shi a 1883 ya raɗa masa sunan matarsa. Dabararsa a takarda ba ta da aibu: maimakon a loda shanu da rai a jirgin ƙasa zuwa Chicago suna ramewa a hanya, a yanka su a nan, a zuba naman a taragu masu ƙanƙara, ƙanƙarar kuwa a saro ta daga kogi lokacin hunturu. Ya gina mayanka mai ɗaukar shanu 150 a rana.

Abin da ya karya shi, mahaucin Kano ma zai gane. Saniyar da ciyawa kaɗai take ci, da kaka take yin ƙiba, sauran watanni mayanka na zaune ana biyan ma'aikata. Masu saye a biranen gabas sun saba da naman shanun da aka turke da masara, mai kitse. Manyan 'yan kasuwar nama na Chicago kuma suka karya farashi har ya kasa. A 1886 aka rufe, a 1907 gobara ta lashe ginin. Yanzu dogon bututun hayaƙi na jan bulo ne kawai a tsaye, ciyawa kewaye da shi. Gidansa mai ɗaki 26 na nan kan tudu a hayin kogi, da kayan ɗakin iyalin, ana biya a shiga. Shi kuwa a Sahara aka kashe shi, a 1896.

Roosevelt ma a 1883 ya zo, farautar ɓauna, ya ƙare da zuba dala 14,000 a gandun kiwon shanu mai suna Maltese Cross. Ɗan ɗakin katakonsa yana bayan ofishin baƙi na gandun dajin. Bayan rasuwar matarsa da mahaifiyarsa a rana ɗaya, 14 ga Fabrairu 1884, ya dawo ya buɗe gandun kiwo na biyu, Elkhorn, mil 35 arewa da gari. Ban ba da shawarar zuwa can ba idan an yi ruwa: hanyar tsakuwa ce, yumɓun na santsi kamar sabulu, kuma duwatsun harsashin gini kawai za a tarar.

Hunturun 1886 zuwa 1887 ne ya gama da kowa. An sako shanu fiye da abin da ƙasar za ta ɗauka, ga fari, ciyawa ta ƙare tun kafin sanyi, kuma yawanci ba wanda ya tanadi ingirici tunda sakin shanu ake yi a jeji. Dusar ƙanƙara ta sauka, ta ɗan narke, ta sake daskarewa ta yi ɓawo, saniya ba ta iya tono abin da ke ƙasa. Roosevelt ya yi asarar fiye da rabin garkensa. Masu kiwon da suka rage sai suka koma ƙaramin garke, shinge, da tara ciyawa, haka ake yi har yau. Na ga ƙunsassun ciyawa jere a gonaki tun daga garin Dickinson da ke kan hanyar zuwa.

Garin ya kusa mutuwa sai da wani attajiri, Harold Schafer, ya shiga gyara tsofaffin gine-gine. Tun 1965 ake wasan kiɗa da rawar kaboyi a dandalin Burning Hills, daga Yuni zuwa farkon Satumba. Kafin wasa ana soke tsokar nama a cokalin kwasar ciyawa a tsoma a tukunyar mai. Mai kiyaye yanka ya taho da guzurinsa. A riƙo rigar sanyi kuma, dandalin a fili yake, rana na faɗuwa iska ke juyawa.