Yadda aka haɗa waƙar ƙarshe ta Otis Redding

A ƙarshen Nuwamban 1967 mawaƙi Otis Redding ya shiga sutudiyon kamfanin faifai na Stax a birnin Memphis na Amurka, bai daɗe da warkewa daga aikin da aka yi masa a maƙogwaro ba. Waƙar da ya zo da ita, "(Sittin' On) The Dock of the Bay", ya fara tsara ta ne tun da bazara, lokacin da yake zaune a wani gidan jirgin ruwa a Sausalito, kusa da San Francisco. Steve Cropper, makaɗin jitar Stax, ya taya shi ƙarasa baitocin.

Duk wanda ya san Otis ya san shi da kururuwa da gumi a kan dandamali. A wannan waƙa kuwa sai ya kwantar da murya kamar mai hira. Makaɗan ma suka bi shi. Al Jackson Jr. ya riƙe ganga da sauƙi, ba ya ƙara ado. Duck Dunn ya buɗe waƙar da jitar bes, Booker T. Jones yana can ƙasa-ƙasa a kan fiyano, masu busa kuma ba sa shigowa sai inda murya ta bar musu wuri. Abin da ya fi burge ni shi ne kod ɗin (wato sautukan da ake kaɗawa tare) da aka gina baitin a kai, G, B, C, A, duka nau'in da makaɗa ke kira meja ne, wanda aka saba ji a waƙoƙin murna. Amma mai waƙar yana ba da labarin mutumin da ya baro gida Jojiya, ya zauna bakin ruwa ba abin da ya canza masa. Kiɗa na murmushi, magana na ciwo, shi ya sa take kama zuciya.

Fiton da ke ƙarshe, in ji Cropper, cike gurbi ne. An bar wajen don Otis ya zuba kalmomi yadda ya saba, da ba su zo masa ba sai ya yi fito. Jim Stewart, mai kamfanin, bai gamsu da waƙar ba, yana ganin ta kauce wa salon Stax.

Ranar 10 ga Disamba 1967 jirgin saman Otis ya faɗa tafkin Monona kusa da Madison a jihar Wisconsin. Ya rasu yana da shekara 26, tare da mutum huɗu na Bar-Kays, ƙungiyar makaɗan da ke masa kiɗa. Cikin 'yan kwanaki, ana tsakiyar makoki, aka nemi Cropper ya tace sautin. Ya samo ƙarar igiyar ruwa da kukan tsuntsayen teku a tef, ya shimfiɗa su ƙarƙashin kiɗan, domin Otis da kansa ya riƙa kwaikwayon kukan tsuntsayen da baki a ɗaukan farko. Aikin na buƙatar kunne: in ruwan ya yi ƙarfi zai danne bes, in tsuntsayen suka yawaita waƙar ta koma wasan yara. Cropper ya bar su can nesa, sai ka kasa kunne za ka ji yadda suke shiga suna fita.

Faifan ya fito ranar 8 ga Janairun 1968 a ƙarƙashin tambarin Volt, wani reshe na Stax. A watan Maris ya hau matsayi na ɗaya a jadawalin waƙoƙi na mujallar Billboard, ya yi mako huɗu a can, karo na farko da waƙar mamaci ta kai wannan matsayi a Amurka. A Ingila ta kai na uku, kuma ta ci kyautar Grammy biyu a 1969.

Sai dai Stax bai mori nasarar yadda ya kamata ba. Da ya rabu da Atlantic, mai rarraba masa faifai, a 1968, sai ya tarar yarjejeniyar da Stewart ya sa wa hannu a 1965 ta mallaka wa Atlantic ainihin tef-tef ɗin, har da na Otis.