Sai a kallo na biyu na ga Akira

Ƙanena ne ya tura min fim ɗin a waya, ya ce, "Yaya, don Allah ka daure ka kalli wannan." Da na ga katun ne sai na jingine shi kusan wata guda, domin a gidanmu katun abin raino ne, ana kunna wa yara su yi shiru. Ranar da na buɗe shi ina cikin mota daga Kano zuwa Zariya, rana tana dukan gilashin wayar, ina kallo ina amsa saƙonni. Kafin mu kai Kwanar Dangora na kashe, na ce hayaniya ce kawai.

Ƙanen nawa bai haƙura ba. Wani dare bayan sallar Isha'i ya ja ni falon abokinsa mai babbar talabijin, aka kashe fitila, kowa ya kife wayarsa. Muryoyin Japananci muka bari, muna karanta fassara a ƙasa.

Fim ɗin na Katsuhiro Otomo ne, ya fito a Japan a 1988. Yana buɗewa da wani farin haske da ya haɗiye Tokyo ba ƙara ko ɗaya, kuma wanda ya san abin da ya sami Hiroshima da Nagasaki a 1945 ba ya buƙatar a yi masa bayani. Daga nan sai 2019, sabon birni, samari a kan babura. A nan na gyara zama. Fitilun bayan baburan suna barin jan zare a iska in sun sha kwana, benaye kuma sun tokare sama, kowace taga da ɗigon haskenta. A waya duk wannan baƙin duhu na gani. Abokin ƙanena ya tsayar da hoton, na matsa kusa ina ƙirga tagogin bene guda har na gaji. Da hannu aka zana su, da buroshi da fenti, a kan takarda da fallayen roba masu garai-garai. Fallayen sun haura 160,000, launukan 327, kuma yawancin labarin cikin dare yake, wanda ya fi wahalar zana. Har muryoyin 'yan wasa aka fara ɗauka kafin zane, shi ya sa leɓe ke tafiya daidai da magana.

Kiɗan ma a mota ban ji shi ba. Ganguna ne da haki da muryoyin taron jama'a, haɗe da kayan kiɗan gora na tsibirin Bali, yana shiga ƙirji kamar kiɗan tauri.

Na gane cewa sabon da na yi da finafinan fassara, inda mai magana ke gaya maka har abin da ke zuciyar jarumi, shi ya sa na kasa zama da fim ɗin da ba ya tauna maka. Wani ɓangaren ruɗanin kuma daga fim ɗin ne: littafin zanen da aka ɗauko labarin ya haura shafi 2,000, Otomo bai ma gama shi ba sai 1990, aka matse shi cikin awa biyu. Ƙarshensa har yau ina ganin an yi gaggawa.

Amma Tetsuo, ɗaya daga cikin samarin baburan, ya tsaya min a rai. Maraya ne da kullum abokinsa Kaneda, shugaban samarin, ke cetonsa, kullum shi ne na baya, har babur ɗin Kaneda ja yake sha'awa ba ya samu. Da wani iko mai kama da tsafi ya faɗo hannunsa, abin da ya fara nema shi ne kada a sake taimakonsa. Lokacin da jikinsa ya kumbura a filin wasannin Olamfik yana neman cinye shi, sunan Kaneda ya koma yana kira. Na san yara irinsa a unguwarmu, kuma a wurin nan idona ya kawo ruwa.

Mako biyu bayan haka na koma falon da fim ɗin Stanley Kubrick na 1968 kan tafiya sararin samaniya, wanda ake shafe fiye da minti ashirin ba a furta kalma ba. Na kife wayata da kaina. Yaran gidan kuwa mun tura su barci tun daren Akira, saboda jinin da ke cikinsa ba na idonsu ba ne.